Ƙwaryar Baba da Kajin Barazil

Na sauka San Paulo da jaka ɗaya, da takarda mai adireshi a aljihun gaba, da wata rigar sanyi da Inna ta saya mini a kasuwar Sinnar, wadda daga baya na gane don sanyinmu na bakin bahar, wato babban koginmu, aka ɗinka ta. Mutumin da ya shirya mini tafiyar, muna ce masa Ustaz Fathi, ya rantse mini a waya cewa zan same shi a bakin ƙofar fita da sunana a rubuce. Na tsaya ina karanta sunayen mutane har ƙafata ta yi tsami. Da na samu wani ya ara mini waya na kira shi, sai ya ce ai shi yana wani gari, in hau motar kudu in nuna wa direba takardar. Tun farko tambaya ɗaya ya taɓa yi mini, wai na iya yanka? Na ce a gidanmu ake yi. Ya ce to magana ta ƙare, a Barazil Musulmi mai yanka ɗan gata ne, raguna ne da shanu, a tsanake, kana yi kana shan shayi.

Ban yi masa ƙarya ba. Mahaifina Malam Buhari shi ke yi wa hillarmu, wato ƙauyenmu, yanka, can tsakanin Sinnar da Suki, inda Hausawa suka daɗe da zama cikin Larabawa. Ba mahauci ba ne, bai taɓa sayar da ko tsoka ba. Manomi ne mai hawasha, wato gonar ban ruwa, ta auduga da dawa kamar kowa. Amma in suna ne, ko biki, ko sadaka, ko layya, sai a aiko a ce Malam ya zo. Yana da tsarinsa wanda ba ya canzawa. A bayan ɗaki yake wasa wuƙa, don kada dabbar ta gani. Sai an janye sauran dabbobi daga wurin. Kuma kafin a kayar da ita, sai ta sha ruwa a wata tsohuwar ƙwarya mai ɗinki a baki. In ta ƙi sha, jira ake yi. Na ga ranar da mata suka kusa ƙona albasa a tukunya, masu biki suna ta tsaki, Baba yana tsugune yana shafa wuyan rago yana jiran ya ga dama. Ni ne mai riƙe ƙwaryar tun ina ɗan shekara tara, kuma ban taɓa wuƙa ba sai da gemu ya fara fito mini. Ban taɓa tambayarsa dalili ba, shi ma bai taɓa yi mini wa'azi a kai ba. Abin da yake cewa kawai shi ne, ba ta ruwa tukuna.

Kwana da yini muka yi a mota. Garin da aka sauke ni ƙarami ne, yana kan tudu, iska tana ratsa rigar Inna kamar ban sa komai ba. Adireshin Ustaz Fathi ya kai ni wani shagon taya da aka rufe tun ba yau ba, ciyawa ta fito a bakin ƙofa. Lambarsa kuwa daga ranar ba ta sake shiga ba. Na zauna a kan jakata, ina tunanin yadda mutum mai aure da 'ya'ya biyu zai ƙetare teku don ya zo ya yi gadin tsofaffin tayoyi. Wata tsohuwa da ke gidan da ke kallon shagon ta daɗe tana leƙo ni ta taga. Can sai ta fito da kofin gahawa mai zafi da burodi, ta yi ta magana, ni ina ta gyaɗa kai. Na zana mata yanka da yatsa a wuyana don ta gane sana'ata, sai ta ja da baya ta dafe ƙirji. Da ƙyar na gyara ɓarnar, na yi mata kukan kaza da na rago a tsakiyar titi. Ta yi dariya har da hawaye, ta ja ni zuwa gidanta. Sunanta Dona Marta, kuma a ɗakin bayan gidanta na zauna duk zamana a ƙasar.

Ita ta nemo mini Babikir. Ta san akwai wani baƙin mutum da ke aiki a mayankar kaji ta garin, ta aika aka kira shi. Da ya shigo ya yi mini sallama da Larabci, na amsa, ya tambaye ni daga ina, na faɗa. Sai ya ce, "Kai Bahaushe na? Ni ma, ya zol. Ɗan Suki." Hausarsa ta tsattsage, kalma biyu tamu uku ta Larabawa, amma ranar nan ban taɓa jin magana mai daɗi kamarta ba. Ya ce in manta da Ustaz Fathi, ni ne na huɗu da ya turo shagon tayar nan. Ya ce in manta da raguna da shayi ma. Kaji ne, kuma suna neman mutum.

Ranar farko aka ba ni fararen kaya, da takalman roba, da safar hannu ta ƙarfe, da abin toshe kunne. Mai kula da mu, muna ce masa Mushrif, wani Balaraben Sham ne mai natsuwa. Ya nuna mini kibiya a bango ya ce alƙibla ke nan, an gina wurin yana kallonta. Ya ji karatun Bismillata, ya duba yadda nake riƙe wuƙa, ya ce na wuce gwaji. Sannan aka buɗe ƙofa. Wata sarƙa ce a sama tana tafiya ba ta tsayawa, kaji farare rataye da ƙafafu, kai a ƙasa, suna fitowa daga wani ɗaki mai duhu. Ba su da farko ba su da ƙarshe. Amma kafin su iso inda masu yanka suke tsaye, sai na ga sarƙar tana ɗan sunkuyawa, kan kowace kaza yana shiga wani dogon kwami na ƙarfe cike da ruwa, sannan ta fito ta yi lamo, babu fuffuka babu kuka. Wallahi sai na ji sanyi a raina. Na ce ashe mutanen nan sun san abin, sun ma yi masa inji. Na taɓa Babikir na nuna masa kwamin, na ce alhamdu lillahi, suna ba su ruwa. Ya dube ni, ya tuntsire da dariya, ya faɗa wa na kusa da shi, shi ma ya yi. Daga ranar sunana ya koma Abu Moya, wato mai ruwa. Shi ya ɗauka barkwanci nake yi, ni kuma na ɗauka ƙauyancina suke yi wa dariya, don haka babu wanda ya gyara wa wani.

Da yamma na kira gida. Bayan gaisuwa da tambayar yara, na ce, "Baba, har nan suna ba su ruwa. Inji ke ba su, ɗaya bayan ɗaya, kafin wuƙa."

"Mi kac ce, Idrisa?"

Na maimaita. Sannan ya ce, "To alhamdu lillahi. Ashe duniyag ga ba ta ɓaci duka ba."

Ban san nauyin abin da na ɗora masa ba sai daga baya. Inna ta gaya mini cewa bai bar kowa ba. Ya faɗa a masallaci, ya faɗa a gindin darbejiya inda dattawa ke zama, ya faɗa wa direban motar Sinnar. Samarin da suka daɗe suna cewa ƙwaryar Malam ɓata lokaci ce, yanzu ya samu abin rufe musu baki: ƙasar da ke ciyar da rabin duniya da kaza ma sai ta shayar kafin ta yanka, ɗansa yana can yana gani da idonsa.

Mako uku na yi a cikin wannan farin ciki. Aikin kansa ba sauƙi. Kafin ka gama Bismillahi Allahu Akbar a kan ɗaya, ta biyu ta iso, ta uku tana bayanta. Harshena ya dinga guntule kalmomin, har na kai ban san wace Bismilla ta faɗa a kan wace kaza ba. Kafaɗata ta kumbura, yatsuna suka ƙi miƙewa da safe. Duk da haka ina lallashin kaina da kwamin nan. Abu ɗaya ne ke damuna. Wasu kajin, musamman ƙananan, suna ɗaga kai daidai wurin, sai su wuce ba su taɓa ruwan ba, su iso gare ni ido biyu suna fuffuka. Tausayinsu nake ji, ina cewa kowa ya sha ban da ku. Wata safiya aka ɗan tsayar da sarƙar don gyara, na hangi wata ƙarama ta lanƙwasa wuya sama, bakinta a buɗe, ruwa yana ƙasanta kaɗan. Na bar wurina, na ƙetare wani ƙarfe da aka gitta, na miƙa hannu mai safar ƙarfe zan dangwala mata baki. Ban san lokacin da Babikir ya fizgo ni ta baya ba, muka zube tare a kan sumunti.

"Kahraba! Ka haukace? Lantarki na cikin ruwan nan!"

Na ce wane lantarki kuma, ai sha suke yi.

Sannan a hankali ya ce, "Ya Abu Moya, ashe da gaske kake. Ba sha suke ba. Sumar da su ake."

A wurin cin abinci ya ƙarasa mini. Tun kafin a kamo su daga gona ake ɗauke musu abinci don cikinsu ya zama wayam, kuma daga shigarsu akwatunan mota babu mai sake ganin ɗigon ruwa. Ruwan farko da ke taɓa bakinsu bayan wannan doguwar ƙishirwa shi ne na kwamin. Kunya ce ta fara kama ni kafin baƙin ciki, domin fuskar Baba na gani a gindin darbejiya yana ba da labari.

Na je wurin Mushrif ina huci, a shirye nake in ajiye wuƙa. Bai yi fushi ba. Ya zaunar da ni, ya ce malamai sun duba, muddin kazar tana da rai lokacin da wuƙa ta sauka, ta halatta, kuma aikinsa ke nan ya tabbatar ba a ƙara ƙarfin wutar har ta kashe ba. Sannan ya tambaye ni, tsakanin wadda ta suma da wadda ta ɗaga kai ta iso mini ido biyu tana kallon jinin 'yan uwanta, wacce ta fi shan wuya? Waɗanda nake tausaya wa don ba su sha ba, ashe lallai abin tausayi ne, amma ba don dalilin da na zata ba. Na fito daga ofishinsa, na koma na ɗauki wuƙata. Ban san ko an rinjaye ni da gaskiya ba ne ko da iya magana.

Dona Marta ta lura na daina cin kaza. Lokacin na fara tsintar yarensu, abin da ya gagara kuma waya ta fassara mana. Ta nuna mini hannuwanta, yatsun sun karkace kamar saiwar rogo. Ashe ita ma ta yi shekaru a kamfanin, a ɓangaren da ake yayyanka ƙirji da cinya, kuma tun da ta bari ba ta sake kai nama bakinta ba, wake da shinkafa take ci. Ta tambaye ni me nake cewa kafin in yanka. Na ce sunan Allah nake kira, Shi ya halatta mana. Ta ce, to kazar ta ji? Na ce ba don ita ake faɗa ba. Ta ce to don wa? Na fara bayani na sarƙe. Abin da ya ƙara rikita ni shi ne, duk ranar Lahadi wannan matar da ba ta cin nama ita ke gasa wa jikokinta kaji biyu, tana tura musu cinya a faranti tana cewa su ci su girma. Da na nuna mata haka sai ta ɗaga kafaɗa, ta ce yara ne, kuma shi ne naman da talaka ke iya saya.

Wata Lahadi ta kai ni gonar ƙanenta, wanda ke kiwata wa kamfanin kaji. Ni da na ji gona, na zata zan ga kaji suna tono a gindin itace kamar na Inna, waɗanda sai an tara yara uku kafin a kama ɗaya. Wani dogon ɗaki ne aka rufe shi ruf, manyan fankoki suna ruri a ƙarshensa. Da aka buɗe ƙofa wani wari ya daki idona har hawaye ya zubo. Ƙasa fari fat, ba wurin sa ƙafa, sai ka tura su a hankali. Mutumin ya ce kwanansu arba'in da 'yan kai, an kusa zuwa ɗaukarsu. Kazar Inna a waɗannan kwanaki ba ta wuce tafin hannu ba, waɗannan kuwa ƙirji ya yi musu nauyi, taku uku sai su zauna. Ba su taɓa ganin rana ba. Amma ruwa kam akwai shi, bututu ne a jere mai 'yan hantuna, kaza ta taɓa da baki ya ɗigo. Abinci ma ba ya yankewa. Babu shaho, babu muzuru, babu yunwar bazara da ke kashe namu. Na tsaya ina lissafin wa ya fi wa, na kasa.

Can gefe na ga wata a zaune, ƙafafunta sun baje, tana miƙa wuya wajen bututun ba ta kai ba. Na ɗaga ta da hannu biyu. Ta sha, ta sha, ina jin zuciyarta tana bugawa a tafina. Mai gonar ya tsaya har ta gama. Sannan ya karɓe ta, ya juya mini baya, ya karya mata wuya, ya yi alamar addininsu a ƙirji. Ya ce ba za ta tashi ba, barinta zalunci ne. Ba mugu ba ne. Mutum ne mai sanyin murya wanda ya cika mana jaka da lemo da za mu tafi, kuma ya ce kowace safiya da wannan aikin yake fara yini, shi ya sa ba ya karya kumallo sai rana ta ɗaga.

Daga nan na shiga wani hali da ni kaina ban gane masa ba. Ba na cin kaza, amma ina yanka ta daga safe zuwa la'asar. Ranar Juma'a kuma in bi Babikir mu ci gasasshen naman sa har in lashe yatsa. Ya kan jira sai na cika baki, sannan ya ce, saniyar nan kai ka ba ta moya? In na yi fushi ya ce shi bai ga abin wahalar da kai ba, Allah ya halatta, malamai sun sa hannu, yaransa a Suki suna makaranta. Ya ce katan ɗin da muke cikawa Jidda za su, ƙila ma ɗan kawuna da ke leburanci a can shi zai ci, wanda a gida sai Salla yake ganin nama. Duk abin da ya faɗa gaskiya ne. Abin da na gani a dogon ɗakin nan ma gaskiya ne. Na yi ta jujjuya su na rasa inda zan haɗa.

Hannuna kuwa bai rikice ba ko kaɗan. Ya ƙware. Ya daina jirana. Wuya ya zo daidai, wuƙa ta wuce, ido ya koma hagu wajen ta gaba. Mushrif yana kawo sababbi su tsaya su kalle ni. Wani lokaci ina yanka ina tunanin ko an bai wa hawasharmu ruwa, sai in farga an yi rabin sa'a ban san na yi ba.

Kowace Juma'a ina kiran gida, kuma kowace Juma'a bayan gaisuwa Baba sai ya ce, "Suna sha dai?" In ce suna sha. Sau uku na ɗaura niyyar gaya masa. Na farko Inna ta riga ni da labarin cewa idonsa ya fara hazo. Na biyu na ji muryoyin dattawa a kusa da shi, ya sa wayar a fili don su ji daga bakina. Na uku babu wani dalili, tsoro ne kawai. Ana nan hannunsa ya fara rawa. Ya ce mini layyar bara da ƙyar ya gama, ya ji kunyar ragon liman. Ya ce in dawo, wuƙa tana jirana, ba ya so ta faɗa hannun masu gaggawa. Shekara biyu da rabi na yi. Ranar da zan taho Dona Marta ta cusa mini ƙullin gahawa a jaka, Babikir ya rako ni tasha yana cewa in gai da bahar, in ce masa Abu Moya ya dawo.

Na iso ana saura kwana biyar Babbar Salla. Baba ya tsufa fiye da muryarsa. Ya shafa fuskata da hannu kafin ya yarda ni ne. Kullum ina cewa gobe zan faɗa masa, har goben ta zama ranar Idi.

Da aka sauko, mutane suka taru a ƙofar gidanmu kamar yadda aka saba, domin bayan na liman ragonmu ake fara yankawa, sannan a bi gida gida. Baba ya fito da wuƙar, ya riga ya wasa ta a bayan ɗaki. Ya ɗaga murya ya ce daga yau Idrisa ne, wanda ya yi yanka a ƙasar da ko inji ya san hakkin dabba. Ya sa mini ita a hannu. Sannan ya ce yau shi zai riƙe mini ƙwarya, ya juya ya shiga gida wajen randa, yana lalube da sanda.

Abin da ya biyo baya na sha juya shi a raina. Samarin da ke riƙe da ragon sun ga wuƙa a hannuna, sun dube ni, ni kuma ina jin na gyaɗa kai, irin gyaɗawar da nake yi wa mai kunna sarƙa. Suka kayar da shi, suka juya shi alƙibla, wuya ya miƙe a gabana. Bismillar ta fita, wuƙa ta wuce. Ban yanke shawarar komai ba. Na ji mutane suna ma sha Allah, wani yana cewa bai taɓa ganin hannu mai sauri haka ba. Ni kuwa idona ya riga ya koma hagu yana neman na gaba. A hagun nan ragunan maƙwabta uku ne a ɗaure, ba wanda ya janye su, suna kallo. A bayansu Baba ne a bakin zaure, ya jingine sandar, ya riƙo ƙwaryar da hannu biyu, ruwan yana rawa yana zuba a kan rigarsa ta Salla.

"An gama?"

"An gama, Baba."

"Bai sha ba."

Ya bi ni gida gida duk yinin nan da ƙwaryarsa, kuma kowane gida sai ya riga ni isa wurin dabbar.

Bayan la'asar, da gida ya yi shiru, na same shi a kan angarib, gadonsa na igiya, a ƙarƙashin rumfa, na zauna a ƙasa na gaya masa duka. Kwamin, da lantarkin, da akwatunan mota, da dogon ɗakin, da Juma'o'in da na yi ta cewa suna sha. Na zata zai yi faɗa. Tambaya ya yi, ko kajin suna jin wuƙar. Na ce mafi yawansu ba sa ji. Yana murza carbi ya ce nasa kam suna ji, duk wanda ya taɓa yankawa ya ji. Na tambaye shi to wanne ya fi. Ya ce wallahi bai sani ba. Ban taɓa jin wannan kalmar a bakinsa ba a kan maganar yanka, kuma ta fi zagi yi mini ciwo. Da Inna ta kawo hanta ya ci, ya ce ragon bai yi laifin da za a ƙi namansa ba. Ni na kasa. Da zan tashi ya ce, ba da ƙarfi ba, "Shekara biyu ina gaya ma mutane, Idrisa." Ya miƙo hannu, na gane abin da yake nufi, na ba shi wuƙar.

Washegari wata gwauruwa maƙwabciyarmu ta aiko, akuyarta ce ta rage. Na ɗauka ba da ni za a je ba. Sai ga Baba ya fito daga bayan ɗaki, wuƙar a ɓoye cikin hannun riga, ya miƙo mini ƙwaryar. Ina da shekara talatin da shida, da 'ya'ya biyu, na bi shi a baya da ruwa kamar ranar farko. Ina kallon yadda hannunsa ke rawa, na san nawa zai fi yi wa akuyar sauƙi, na kuma san shi ma ya sani.

Akuyar ta ƙi sha. Na tsuguna na kai mata, ta kau da kai. Na sake, ta ja baya har igiya ta miƙe. Rana ta fara zafi, matar tana leƙowa daga madafa, hannuna na dama yana ta motsi shi kaɗai har ruwan yana fantsama. Baba ya lalubo ya ɗora nasa a kai.

"Ba inda za mu. Jira ta."

Muka jira. Ban san tsawon lokacin ba. Na ga tana da tsage a kunnen hagu, da wani farin tabo a goshi, da ƙudaje biyu da suka dame ta a ido. Na kore mata su. Can ta matso, ta shinshina bakin ƙwaryar wajen ɗinkin, ta sa baki. Ina jin kowane haɗiya a hannuna. Da ta ƙoshi ta ɗago tana lasar baki, ta goga goshinta a gwiwata.

Baba ya karɓi ƙwaryar, ya zaro wuƙar ta bayanta inda ba za ta gani ba, ya sa mini a hannu. Shekara biyu da rabi na yi ina yanka ban ko ƙifta ido ba. Ranar nan sai da na yi Bismilla sau uku kafin hannuna ya yarda.